Tiyatar rage tumbi: awa biyu a ɗakin tiyata, shekaru a gaban akushi

Ranar da Yaya ta dawo daga Masar bayan an yi mata tiyatar rage tumbi, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, kowa da kwanonsa. Wata ta kawo farfesun kaji, wata dambun shinkafa, Gwaggo kuwa kunun gyaɗa ta damo mai kauri, ta zuba masa sukari ba ƙyashi. Yaya tana zaune da ɗan ƙaramin kofi irin na ba yara magani, tana kurɓar ruwa kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Gwaggo ta yi kallo har ta gaji, ta ce, "Ke 'yar nan, haka za ki yi jinyar ba ci ba sha? Ai mara lafiya da abinci yake tashi." Yaya ta ce, "Gwaggo, wallahi in na shanye kofi guda na kunun nan yanzu, asibiti za ku mayar da ni."

A lokacin duk mun ɗauka shagwaɓa ce. Daga baya muka gane gaskiya ta faɗa, kuma muka gane cewa likitoci sun shirya ta tsaf, mu mutanen gida ne ba wanda ya shirya mu.

Mutane da yawa in sun ji an ce tiyatar rage ƙiba, zuƙe kitse ne yake zuwa musu a rai. Wancan aikin gyaran sura ne, ana yin sa a ƙarƙashin fata, kuma ba ya warkar da ciwon suga ko hawan jini. Wannan da muke magana a kai, tumbi ake taɓawa, wani lokaci har da hanji. Yau kusan duka ana yin ta ba tare da an tsaga ciki ba: a huda wurare huɗu zuwa shida, a hura iska a ɗaga fatar cikin, a zura kyamara da dogayen kayan aiki. Iri biyu ne suka fi yawa. Ta farko ita ce ta hannun riga, wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siririn bututu mai siffar ayaba, a ɗinke gefensa da ƙananan filoli na ƙarfe. Abin da aka cire ya tafi ke nan. Ta biyu ita ce ta ratse. A nan ana ware wata 'yar jaka a saman tumbi, girmanta bai fi ƙwai ba, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, sai abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likita ɗan Amurka, Edward Mason na Jami'ar Iowa, shi ya fara irin wannan a 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa tumbi saboda gyambon ciki ba sa sake yin ƙiba.

An daɗe ana zaton duk amfanin aikin shi ne mazubi ya ƙanƙance. Sai aka gano cewa tumbi da hanji suna aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. Akwai sinadarin da ke tayar da yunwa, girelin, wanda masana a Japan suka gano a 1999, kuma mafi yawansa daga saman tumbi yake fitowa, daidai wurin da ake yankewa a tiyatar hannun riga. Shi ya sa wasu suke yin watanni ba su ji yunwa ba, sai sun sa agogo ya tuna musu da abinci. A tiyatar ratse kuma, abinci yana isa ƙasan hanji da wuri, hanjin ya saki sinadaran da ke sa ƙoshi da kuma taimakon insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini. Mai ciwon suga yakan ga sugansa ya sauka cikin 'yan kwanaki, tun kafin ya rage kilo biyar. A Suwidin an fara bin sawun mutum wajen 4,000 masu ƙiba tun 1987, rabi an yi musu tiyata, rabi an bar su da kulawar da aka saba. Sakamakon da aka fitar a 2007 ya nuna mace-mace sun ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a ɓangaren waɗanda aka yi wa aikin.

To wa ya cancanta? Ana duba ma'aunin BMI: nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita sau kansa. Mace mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 110, nata ya haura 40 kaɗan. Tsohuwar ƙa'idar da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kafa a 1991 ta ce sai mai 40, ko mai 35 da ke fama da wata cuta kamar suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: daga 35 ko ba wata cuta, daga 30 in akwai ciwon suga da ya ƙi jin magani. Akwai kuma alluran zamani irin su Wegovy da Mounjaro, waɗanda a gwaji suka rage kashi 15 zuwa 20 na nauyin mutum, ita kuwa tiyata takan rage kashi 25 zuwa 30, wani lokaci fiye. Allura tana da tsada, kuma in an daina nauyi yakan dawo. Duk da haka likitan da bai ko ambata maka ita ba kafin ya ba ka ranar tiyata, ni dai ina da alamar tambaya a kansa.

Shiri na gaskiya yana ɗaukar watanni. Za a ɗebi jini a duba suga, ƙoda, hanta, yawan jini, bitamin D da B12. Abin mamaki shi ne mai ƙiba yakan zo da ƙarancin waɗannan tun kafin a taɓa shi, musamman mata masu zubar da jini da yawa a al'ada, domin tuwo da shinkafa da lemun kwalba suna cika jiki ba tare da sun ciyar da shi ba. In aka shiga tiyata da gibi, bayanta gibin rami yake zama. Sau da yawa ana zura kyamara ta baki a leƙa tumbin, a nemi gyambo da ƙwayar cutar nan H. pylori da ta yi yawa a ƙasashenmu, a kashe ta tukuna. Wannan leƙen yana iya sauya shawarar wace tiyata za a yi, domin mai fama da ƙwannafi sosai, ta hannun riga takan ƙara masa, ta ratse ce take rage shi. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, a gwada shi, don likitan da zai sa shi barci ya san da wa yake aiki.

Taba da shisha sai an bar su aƙalla mako shida kafin ranar, kuma ba a komawa, saboda suna hana ɗinki kamawa, suna kawo gyambo a mahaɗar tumbi da hanji. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin ana dakatar da ita wajen wata guda kafin aiki, don tana ƙara haɗarin daskarewar jini. Sai wani abu da ake jin kunyar faɗa: duk jiƙe-jiƙe da garin magani da kayan mata da ake sha, a lissafa wa likita su. Wadda ta taɓa daɗewa tana shan ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe don ta yi jiki, ta faɗa ko ba a tambaye ta ba. Galibinsu akwai dezametason a ciki, wanda ke raunana warkewar ciwo, kuma yana iya sa jini ya faɗi warwas ana tsakiyar aiki.

Mako biyu zuwa huɗu na ƙarshe su ne masu wuya. Za a sa mutum a kan abinci ɗan kaɗan, wajen kalori 800 zuwa 1,000 a rana, ba sitaci sosai, ba mai, ba sukari. Mutane suna ɗauka gwajin haƙuri ne, wasu har su yi "walimar bankwana" da masa da miyar taushe ana jibi tiyata. Dalilin a hanta yake. Ɓangaren hagu na hanta kwance yake a kan saman tumbi kamar murfi, dole likita ya ɗaga shi kafin ya ga wurin aikinsa. Hantar mai ƙiba takan kumbura da kitse da sukarin da ta adana, ta yi nauyi, ta yi taushin da ƙaramin taɓi zai sa ta zubar da jini. Wannan abincin yana sa ta saɓe. Akwai waɗanda aka sa su barci, aka leƙa aka ga hanta ta tare hanya, aka fasa aikin, suka farka da huda biyar a ciki da tumbinsu cikakke.

Ana kuma zama da likitan ƙwaƙwalwa, kuma wannan ba zargin hauka ba ne. Wanda abinci ne abokin hirarsa in ransa ya ɓaci, wadda take huce takaicin kishiya ko kaɗaici a kan kwano da tsakar dare, tiyata za ta ƙwace mata wannan mafakar rana ɗaya, damuwar kuwa tana nan inda take. Gara a san da haka tun da wuri.

Masu fita waje, Masar ko Indiya ko Turkiyya, su ne suka fi bukatar buɗe ido. Akwai ƙwararrun likitoci a can, ba musu. Matsalar tana cikin tsarin da dillalai ke tallatawa a Instagram: ka sauka yau, gobe tiyata, kwana biyar kana jirgi. Ina aka sa watannin shiri a nan? Gwamnatin Birtaniya ta sha gargaɗin 'yan ƙasarta kan irin wannan tafiya zuwa Turkiyya bayan wasu sun rasa rayukansu. Doguwar tafiyar jirgi kwanaki kaɗan bayan aiki tana ƙara haɗarin gudan jini, kuma yoyon ɗinki yana iya ɓoyewa sai bayan mako guda ya bayyana, lokacin mutum yana Kano ko Damagaram. Kafin a sayi tikiti, a samu likita a gida wanda ya yarda zai karɓi jinyar. Kafin a baro can, a karɓo rubutaccen bayanin abin da aka yi, cikin harshen da likitan gida zai iya karantawa. Yaya da takardun sallama kawai ta dawo, muka yi ta bin asibitin da saƙo kusan wata guda kafin su turo cikakken rahoton.

A hannun ƙwararru haɗarin mutuwa a wannan tiyata ƙarami ne, wajen mutum ɗaya ko biyu cikin dubu, kusa da na cire matsarmama. Ana kwana ɗaya zuwa uku a asibiti. Ranar da aka yi aikin ma za a tayar da mutum ya taka, ko yana ƙorafi, a sa masa matsattsiyar safa, a yi masa allurar tsinka jini, duk don kada jini ya daskare a ƙafa ya wuce huhu. Ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu daga iskar da aka hura ne, yana wucewa. Amma akwai alamun da duk mai jinya ya kamata ya haddace. Bugun zuciya da ya haura 120 a minti ya ƙi sauka, zazzaɓi, numfashi sama-sama, ciwon ciki ko na kafaɗar hagu mai ƙaruwa, kumburin ƙafa ɗaya, baƙin bayan gida. Bugun zuciyar nan shi yakan riga kowa zuwa in ɗinki yana yoyo. A irin wannan hali ba a zuwa kemis, ba a cewa maleriya ce a jira gobe.

Daga nan sai doguwar hanyar komawa ga abinci. Tsari ya ɗan bambanta daga asibiti zuwa asibiti, amma galibi mako biyu na farko ruwa-ruwa ne zalla: romon da aka tace, madara marar kitse, nono mai ruwa ba sukari. Mako biyu na gaba abin da aka niƙa ya yi laushi kamar na yaye. Sai mai taushi, irin dafaffen ƙwai, kifi, alale, wake da ya dahu ya narke. Wajen mako na shida zuwa na takwas ake fara taɓa abincin gida. Gaggawa a nan tana iya ɓalle ɗinkin da bai gama kamawa ba.

Lissafin da ke ba mutane wuya shi ne na furotin. Ana son giram 60 zuwa 80 a rana, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kacal. Wato aƙalla kwatankwacin ƙwai goma, a cikin tumbin da cokali uku ko huɗu ke cika shi. Ga shi tsarin cin mu ya ginu a kan malmalar tuwo, nama kuwa yanka ɗaya ne a gefe. Dole a juya akushin: kifi ko kaza ko wake ko awarar da ba a soya ba su fara shiga, ganye ya biyo, in da sauran wuri a ɗan taɓa tuwo. Yaya takan zuba garin madara marar kitse cikin kindirmo don ta ƙara masa ƙarfi. Wanda bai samu furotin ba zai rame, amma tsoka ce za ta tafi tare da kitsen, ya koma ba ya iya hawa bene. Shinkafa, taliya da sabon burodi sukan cure su tsaya a ƙirji. Kilishi da tsire da soyayyen naman Sallah sukan yi watanni kafin su karɓu, kuma sai an tauna kowace loma har ta zama kamar kunu.

Ruwa ma sai an koyi shansa. Ana bukatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato leda uku zuwa huɗu na fiya wata, amma da kurɓi-kurɓi daga safe har dare. Ba a haɗa shi da abinci; a bar tazarar kamar rabin awa kafin ci da bayansa. Mu da muka saba kora kowace loma da moɗa, wannan kaɗai jarrabawa ce. Ƙarancin ruwa yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane asibiti a watan farko, balle wanda aka yi wa aiki ya dawo cikin zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. In fitsari ya yi duhu, ga jiri, ga bushewar baki, kuma ruwan ya ƙi zama, ƙarin ruwa ake bukata a asibiti. Mai shan maganin hawan jini ko na suga, musamman insulin, a sake duba masa adadin tun kafin a sallame shi, domin abin da ya dace da shi jiya yana iya kayar da shi yau.

Abin da Yaya ta ji tsoro a kunun Gwaggo kuwa, ga shi. In abu mai zaƙi ko maiƙo ya zubo cikin hanji gaba ɗaya, musamman bayan tiyatar ratse, hanjin yana janyo ruwa daga jini. Cikin minti 10 zuwa 30 sai zufa ta karyo, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, ciki ya murɗa, gudawa ta biyo. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku, insulin ya yi yawa, suga ya faɗi, jiki ya ɗauki rawa. Zoɓo mai sukari, kunun aya, shayi mai kauri, fura da aka zuba wa zuma, duk suna iya jawo shi. Su ne kuma ɓarayin da ke dawo da ƙiba daga baya, saboda abin sha ba ya tsayawa a tumbi balle ya cika shi. Mutum zai rantse ba ya cin komai, alhali yini yake yana kurɓar sukari.

Sai maganar da na fi so a riƙe, ta bitamin. Tumbi ne ke samar da abin da ke sa jiki ya karɓi B12, farkon hanji kuma nan ne ake tsotse sinadarin ƙarfe da kalsiyam. An rage ɗaya, a tiyatar ratse kuma an tsallake ɗayan. Don haka ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa ne, a wurare da dama har da allurar B12 duk wata uku, da gwajin jini a wata na 3, na 6, na 12, sannan duk shekara. Mutane sukan riƙe wannan shekara ɗaya, in sun ga sun yi kyau su watsar, kuɗin ma ba kaɗan ba ne. Illar a hankali take zuwa: ƙarancin jini, ƙafafu su riƙa jin kamar ana tsira allura, mantuwa, ƙashi ya yi rauni. Guda ɗaya ce mai gaggawa. Ajiyar bitamin B1 a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku. Wanda ya yi ta amai kwanaki bayan tiyata, ya fara tangaɗi, ko gani biyu-biyu, ko surutai marasa kan gado, wannan ƙwaƙwalwa ce ta fara taɓuwa, kuma in an yi jinkiri ba ta dawowa daidai. A gidajenmu irin wannan alamar sai a ce iska ce, a tafi ruƙiyya. A yi addu'a, amma a kan hanyar asibiti, kuma a gaya musu tiyatar da aka yi, don su ba da B1 kafin su ɗaura ruwa mai sukari.

Haka kuma a guji maganin ciwon jiki na kemis: ibuprofen, diclofenac, Feldene da haɗin "gaji-da-aiki" da ake ƙullawa a leda. Suna iya huda mahaɗar tumbi da hanji. Farasitamol ne abokin tafiya, sai abin da likita ya rubuta.

Tsakanin wata na uku da na shida gashi yakan zube, mata su firgita in sun ga abin da ke bin mataji. Yana dawowa. Saurin ramewa yana haifar da tsakuwa a matsarmama, shi ya sa wasu likitoci ke ba da maganin kariya na wata shida. Fata takan saki a hannu da ciki da cinya, kuma motsa jiki ba ya ɗauke ta duka. Ga matan aure akwai wani abu: wadda ta yi shekaru tana neman haihuwa saboda ƙiba ta rikita mata al'ada, tana iya ɗaukar ciki watanni kaɗan bayan aiki, daidai lokacin da jikinta ke cikin yunwa. Ana son a jira wata 12 zuwa 18. Bayan tiyatar ratse ƙwayar sha ba abin dogaro ba ce, ashanar hannu ko robar mahaifa sun fi. Wannan zance ne da ya kamata maigida ya ji daga bakin likita da kunnensa, tun kafin a tafi.

Nauyi yana sauka da gudu a wata shida na farko, ya yi ta tsayawa yana ci gaba, ya kai ƙarshensa wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bayan nan dawowar wasu kiloli abu ne da aka saba gani. A daidai nan ne bakin mutane yake shiga. A wurin da ƙiba take nufin miji yana kula da ke, wadda ta zube kilo 35 cikin shekara sai an yi mata fassara: ko ciwo take ɓoyewa, ko gidan ba lafiya, ko an yi mata asiri. A wurin biki a cika mata faranti, in ta ci cokali huɗu ta ajiye a ce raina abincin ta yi. Yaya ta koyi zuwa da 'yar robarta, ta ce wa uwar biki, "Hajiya, zuba min a nan, a gida zan ci a nutse."

Azumi ma sai an yi shawara. Likitoci da yawa suna hana shi a watanni shida zuwa shekara ta farko, domin tumbin da ba ya karɓar ruwa da yawa lokaci guda ba zai iya rama ƙishin yini tsakanin magariba da asuba ba, kuma Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki. Yaya ta sha azumin shekarar farko, ta rama daga baya cikin sanyin hunturu. A na biyu ta ɗauka tare da kowa. Da an kira salla takan ci dabino ɗaya, ta kurɓi ruwa, ta tashi ta yi magariba, sai bayan rabin awa ta zauna gaban ƙwai da ɗan kifi. Ƙosai da kunun tsamiya suna wucewa ta gabanta zuwa wurin yara. Gwaggo har yanzu takan ce wannan ba buɗa-baki ba ne, amma kwanon da take aikowa yanzu kindirmo ne, kuma takan ja kunnen ɗan aiken: "Ka gaya mata ban sa sukari ba."